Ranar da Baffa Ya Janye Hannunsa a Makarantar Nas

A gidanmu na Gwandu ni ce wadda ake yi wa dariya saboda asibiti. Tun da na haifi ɗiyata ta fari, ko atishawa ta yi sau biyu a jere sai na jawo zanin goyo. In ta yi barci da yawa, asibiti. In ta ƙi barcin, asibiti. Akwai ranar da na kai ta don na ga kashinta ya yi kore, ashe kwaɗon zogalen da na ɗanɗana mata ne ya fito. Katinta ya cika har aka manna masa wata takarda a baya. Mai gadin ƙofa ya daina tambayata inda za ni, sai dai ya ce, "Yau kuma mi ta yi?" Babbar nas ta ɗakin yara, wata dattijuwa mai tabarau da kowa ke kira Sista, ta ce in na ƙara wata shida za ta sa a rubuta ni cikin ma'aikata.

Ban musa ba. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, ba na iya karanta abin da likita ke rubutawa, don haka idona nake sa wa aiki. Wanda ya yi wata tara a kan benci yana jiran layi zai san kowa. Na san ɗaliban da makarantu ke turowa koyon aiki, masu shuɗiyar ɗamara da masu koriya. Na san yadda Sista ke tsayawa a kansu tana faɗa har sai sun sami jijiya.

Ƙanwata ita ce mai boko a ɗakinmu. Tun tana ƙarama take ɗaure wa awaki ƙafa da tsumma tana cewa ta ba su gado. Ta gama sakandare, sakamako ya fito da kyau, sai darasi ɗaya na kimiyya da ba ta ci ba. Makarantar nas ta gwamnati ta ce ba ta ɗauka sai da shi. Ta yi kwana uku ba ta cin tuwo.

Ana cikin haka sai ga Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar Baba. Ya yi shekaru yana masinja a sakatariya, yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, saboda haka a danginmu ba a buɗe takarda sai yana nan. Ya zo da wata takarda mai sheƙi, ya shimfiɗa a tabarmar Inna. Wai an buɗe makarantar nas a wajen Kalgo, kuma su ba ruwansu da darasin da aka faɗi.

"Ku dubi Daraktan," in ji shi. "Wanga mutum ko a hoto ka gan shi ka san ya yi karatu. Dubi tabarau."

Nan take aka yanke shawara. Inna tana da saniya ɗaya a hannun Fulani a Maruda, ita ce duk abin da Baba ya bar mata mai numfashi. Za a sayar, a biya makaranta. Ƙanwata ba ta jira an sayar ba, ta kai farin yadi wurin tela.

Ni kuma na tsura wa hoton ɗaliban ido. 'Yan mata ne jere cikin fararen kaya, kowace da jar ɗamara.

Na ce, "Baffa, ni dai ban taɓa ganin mai jar ɗamara a asibiti ba."

Aka kwashe da dariya, har ƙanwata da ba ta yi dariya ba kwana uku.

"Ke mi kika sani?" in ji Baffa. "Makaranta da takarda ake auna ta, ba da ɗamara ba. In ana maganar zawon yara za mu neme ki."

Inna ce ba ta yi dariya ba. Ta ce ko aure za a ba da yarinya sai an je unguwar mijin an tambayi maƙwabta, balle wurin da zai cinye mata saniya da shekara uku. Ta ce a tafi da ni. Baffa ya ce to, amma kada in buɗe baki a gaban manya.

Ranar Alhamis muka kama hanya, ni da goyona, da ƙanwata, da Baffa cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Tun daga tasha yake cewa kansa na sara, domin yana da hawan jini kuma ba ya son zafin mota. Daga Kalgo kabu-kabu ya kai mu ƙofar makarantar.

Allon ƙofar ya fi ƙyauren gidanmu girma. Baffa ya tsaya yana karanta Turancin da ƙarfi, kalma kalma, don mai kabu-kabu ya ji. Ni da ba ni da Turanci sai na kalli fentin. Ta ƙarƙashin sabon farin fenti ana hango inuwar wani zane, da na karkata kai sai na ga kaza ce, har da ƙwai uku a gefenta.

Suka shige, ni na tsaya wurin wata mata mai soya awara kamar zan gyara goyo. Na sayi ta ɗan kaɗan, muka gaisa, ta yaba ƙibar ɗiyata.

Na ce, "Iya, kafin makarantar nas su wa ke cikin gidan nan?"

"Kaji."

"Kafin kajin fa?"

"Masu koyon kwamfuta. Duk mutum ɗaya ne, rigar ce yake canzawa. Lokacin kaji dogon takalmi yake sawa."

"Waɗanda suka gama karatun, ina suke aiki?"

Ta nuna min wani kemis da matsamin awara. "Ga ɗaya can tana ba da canji. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa cuta ta ba."

Na same su a ofis. Darakta na zaune cikin farar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, fanka na juya masa shi kaɗai. Bangon bayansa cike yake da takardu cikin firam. Baffa ya tashi yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana taɓa hatimin da yatsa, kamar mai zaɓen kankana. Wadda ta fi burge shi ba takarda ba ce ma, hoto ne na Darakta yana musabaha da wani mai babbar riga da ba wanda ya san ko wane ne.

"Halan makarantar na da rijista da hukumar nas-nas?" in ji Baffa.

"Alhaji, takardunmu na Abuja. Sa hannu ɗaya ya rage."

Baffa ya gyaɗa kai da tausayi. Ya ce shi ya san sa hannu, ya taɓa ganin fayil ya kwana shekara biyu a kan tebur saboda biro. Darakta ya ce ai daga gani Alhaji tsohon ma'aikaci ne. Baffa bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba.

Aka zagaya da mu ɗakin gwaji. Akwai gado ɗaya, a kansa an kwantar da mutum-mutumi irin wanda masu shagon atamfa ke ɗaura wa leshi, da jan baki, hannunsa ɗaya a ƙugu. An manna masa robar ƙarin ruwa da salatif. A kusurwa kuma akwai kabad na gilashi a kulle, cikinsa abin awon jini yana nan a ledarsa ta kanti. Ƙanwata ta kalle su ido na sheƙi. Ba na ganin laifinta, ita ba ta taɓa zama a benci ba.

Na manta da gargaɗin Baffa. Na ce, "Yallaɓai, wane asibiti ɗalibanku ke zuwa koyon aiki?"

"Da yawa. Hajiya daga ina?"

"Gwandu."

"To, har naku muna turawa. Duk Talata, ɗakin yara."

Na ce Talata ranar rigakafi ce, kuma wata tara ke nan ban taɓa fashi ba, ko da ba ranar allurar ɗiyata ba ce. Na tambaye shi wa ke riƙe da ɗakin. Ya ce wani abokinsa ne, dogo, mai gemu. Na ce Sista dai gajera ce, kuma ban lura da gemu ba.

"Ke, rufa mana baki," in ji Baffa. "Yallaɓai, yi haƙuri. Ba ta yi makaranta ba, kuma tun da ta haihu take haka."

Ƙanwata ta taka min ƙafa. Na ga an ciro fom, Baffa ya fara laluben biro a aljihu. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da yake yi in na taɓa goshin ɗiyata na ji zafi. Saniyar Inna nake gani ana ja zuwa kara.

Sai na ce, "Baffa, tun safe kake cewa kanka na sara, kuma watan nan ba a auna jininka ba. Ga masu aikin a gabanka, a auna mana."

Darakta ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya sa a kira ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari a aji uku. Aka daɗe ana neman makullin kabad, daga baya aka samo shi a cikin motarsa. Yarinyar ta shigo, siririya, mai ladabi, jar ɗamararta ta sha guga. Ta yage ledar, ta jujjuya abin, sannan ta naɗa shi a kan hannun babbar rigar Baffa, kan aikin zaren da komai. Ta yi ta matsa iska. Na ga yatsun Baffa sun fara kumbura kamar rogon da ya sha ruwa, amma ya daure yana murmushi. Ta ara abin sauraro daga wuyan Darakta, ta ɗora, ta rufe ido.

"Baba, ban ji komai ba," in ji ta.

"To da rai dai na shigo," in ji Baffa.

Darakta ya yi dariya, ya ce sabuwar na'ura ce, ba ta saba ba tukuna. Ya ce tunda kai ke ciwo, a yi wa Alhaji allurar ciwon kai kyauta, a matsayinsa na babban baƙo. Baffa na son kyauta. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa.

Yarinyar ta zuƙo maganin daidai, wannan kam ta iya. Ta matso da allurar, ta tsaya. Sai ta juya ta yi ƙasa da murya, amma ɗakin shiru yake, kowa ya ji.

"Yallaɓai, in mutum ne a ina ake sokawa? Mu a lemo muke yi."

Ban taɓa ganin hannun babbar riga ya sauka da sauri irin na ranar ba. Baffa ya miƙe, ya ce yanzu ya tuna likitansa ya hana shi allura ranar Alhamis. Ya ce kan ma ya daina. Fom ɗin kuma za mu je gida mu yi shawara, domin shi ba ya sa hannu ba alwala.

Ina bakin ƙofa ina ba ɗiyata nono kafin a sami kabu-kabu, sai ga yarinyar ta biyo ni. Ta ce ita 'yar Diggi ce, shinkafar damina biyu mahaifinta ya sayar a kanta. Ta tambaye ni, da gaske ɗaliban da ake turowa asibitinmu tun shekarar farko suke taɓa marasa lafiya? Duk dariyar da nake ta haɗiyewa sai ta gushe. Na ce da gaske ne. Na ce ta zo Gwandu ranar Talata in kai ta wurin Sista, ita ta san abin da ya kamata a yi.

Muka kama hanyar gida. Can sai Baffa ya gyara hula ya ce shi tun daga hatimi na uku ya gane akwai matsala, tawadar ba ta gwamnati ba ce. Allurar kuwa gwada su ya yi. Haka ya faɗa wa Inna, haka ya faɗa a majalisarsu, haka ake faɗa a danginmu har yau. Inna ta saurare shi ta yi masa godiya, da ya fita ta aiko min da ƙwaryar fura.

Ranar Talata na kai wa Sista takardar mai sheƙi. Ta buɗe wayarta, ta duba jerin makarantun da hukuma ta yarda da su, ta bi shi da yatsa har ƙarshe. Ta ce babu ita, kuma wanda ya gama a irin wannan wuri ba a barinsa ya zauna jarrabawar lasisi, sai dai ya rataye satifiket a ɗaki. Na yi ta waigen ƙofar asibiti ranar, da Talatar da ta biyo baya. 'Yar Diggi ba ta zo ba.

Ƙanwata ta yi kusan wata ba ta gaishe ni. In na shiga gida sai ta ce wa bango, "Ga babbar likita ta iso." Farar rigar da tela ya ɗinka Inna ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Saniya ta zauna a Maruda, da kaka ta haihu.

Wata Talata ina ɗaura goyo sai ga ƙanwata a ƙofar ɗakina da hijabi. Ta karɓi jakar ɗiyata. Muka zauna a bencina, ta kalli Sista tana yi wa wata mai shuɗiyar ɗamara faɗa har yarinyar ta yi hawaye, sannan ta sami jijiyar. Daga nan ƙanwata ta koma kan littafin kimiyyarta, ta sake zama jarrabawar, ta ci.

Da takardar kiranta zuwa ganawa a makarantar gwamnati ta zo, Baffa aka kai wa ya buɗe, kamar kullum. Ya duba hatimi ya ce wannan tawadar ta gaske ce. Ƙanwata ta karɓe ta, ta zo ta same ni ina wanki.

"Yaya, ki shirya jibi," in ji ta. "Ki zo ki duba min ɗamararsu."