Dona Zuleide, Mai Bin Sawun Waɗanda Suka Warke

Kullum kafin a buɗe ɗakin ɗibar jini, ma'aikaciyarmu Dona Zuleide ta riga ta shanye baƙin kofinta tana kan waya, tana kiran mutane su zo a ɗebi jininsu. Marasa lafiya ba sa ba ta wahala. Waɗanda suka warke, su take fama da su.

A sashenmu na kansar jini, akan ɗebi ƙwayoyin garkuwar jikin mutum, a sa wata ƙwayar cuta da aka kashe wa kaifi ta shigar musu da sabon umarni, sannan a mayar da su su yaƙi kansar. Ba kasafai abin kan juya ba, amma yana iya haifar da wata kansar daga baya, shi ya sa ake duba jinin har shekara goma sha biyar. To wa zai kawo kansa asibiti yana cin shinkafa da wake har da ƙari?

Ni ke tuƙa ta, don haka a gabana aka yi ta Seu Valdomiro, mai yankan rake. Da ya warke ya taka a ƙasa har Aparecida, garin da Kiristoci ke zuwa ziyarar ibada, ya cika alwashin da ya yi wa Budurwa Maryamu, ya daina ɗaukar waya. Muka iske shi a gona.

"Dona Zuleide, ki rufa min asiri. Ta warkar da ni, sai in koma a duba aikinta? Ai rashin kunya ne."

"Seu Valdomiro, kai kaɗai ka iya alwashi? Kana kwance ba ka san inda kanka yake ba, ni ma na yi mata nawa, cewa in ka tashi duk shekara sai na kai jininka an duba. So kake in zama maƙaryaciya a gabanta?"

Ya cire hula, ya miƙa hannu. "Ke dai sauro ce."

A mota na ce, "Da gaske kin yi alwashin?"

"Yanzu dai na yi. Tuƙa."

Bayan 'yan shekaru, a jinin nasa da ake ɗiba duk shekara aka ga wasu ƙwayoyi sun fara yawan da bai kamata ba. Aka tare abin tun bai yi ƙarfi ba.

Dona Zuleide, ke ce uwar masu taurin kai, ga shi jibi za ki ajiye aiki, kuma ina jin zafin rabuwar nan. Mun gode. Ku da za ku gaje ta, in an kashe muku waya kada ku yi zuciya, ku tashi ku je. Watan jiya Seu Valdomiro da ƙafarsa ya raka 'yarsa coci ranar aurenta.