Layin da Aarne Ya Kasa Yankewa

Aarne Rautio mutum ne da ba ya son a ƙara gishiri a komai, har a wasa. Da rana yana aiki a injin yanka katako da ke bayan garin Oulu, in ya taso kuma ya zauna gaban kwamfuta yana tsara matakan wasan bin kiɗa. Waƙa na tafiya, ɗigo na fitowa a allo, mai wasa ya danna daidai da bugun ganga. Wani wurin kuma layi ne, silaida suke ce masa, ka danna ka riƙe, ka bi shi har inda ya ƙare.

A kan layin nan Aarne ya yi suna, a kansa kuma ya ɓata da rabin masu tsarawa na ƙasarsu. Dokarsa ɗaya ce: ba a tsawaita layi ya wuce bugunsa sai in murya ko goge ya ja sauti har can. In mawaƙi ya yi shiru, a saki yatsan mutane. Wani ya turo masa aiki ya duba, sai ya mayar da amsa: "Wa ke waƙa a nan? Kakarka?" Ga baƙar magana kamar me, amma kunnensa, kai, ba a ja da shi. Kuma ba shi da wani abin taƙama a duniya bayan kunnen nan.

Ƙanwarsa Tuuli ce ke fara gwada duk abin da ya tsara, don haka ita ta fara lura. Da lokacin zafi ya shigo, layukansa suka soma tsawo. Ta sa abin ji a kunne, ta maimaita wurin har ta gaji. Shiru ne tsit, amma ga layi yana tafiya a kan shirun.

"Yaya, babu komai fa a nan."

"Je ki wanke kunnenki. Mace ce, can ƙasa-ƙasa, ta riƙe sauti ɗaya."

Waƙa ta gaba ma haka. Ta bayanta, wadda ko murya babu, ganga ce zalla, nan ma ya ce matar tana ciki. Tuuli ta tuna babansu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wannan injin katakon, yadda yake shiga kicin yana faɗa wai wa ya bar buta tana fito a kan wuta, alhali murhu a kashe yake. Kafin shekara ta zagayo ya daina jin ko sallama. Tsoro ya kama ta sosai, ta kuma san in ta ce wa Aarne ya je asibiti, kora zai yi mata.

Ranar Asabar da hantsi ta je gidansa da burodin kirfa. Ya haɗa musu kofi, bai ko kurɓa ba ya koma kujerarsa gaban kwamfuta.

"Zo ki ji ƙarshen wannan, kurma. Ganga ta tsaya, saura ita kaɗai."

Ya danna, ya fara jan layin. Tuuli ta sunkuya kamar za ta ɗauki cokalin da ya faɗi, ta zare wayar lasifika daga bango. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan tsuntsayen teku daga waje.

Aarne bai ɗago ba. Yana gyaɗa kai a hankali, fuskarsa cike da jin daɗi, layin yana ta miƙewa har ya wuce inda waƙar ta ƙare.

"Kin ji ko? Ko numfashi ba ta yi. Ta yaya zan yanke mata?"

"Yaya."

"Dakata mana, yanzu za ta sauke."

Ta zagayo ta tsaya gabansa, idonta ya kawo ruwa, ta ɗaga masa wayar. Ya dubi wayar, ya dubi bangon, ya dubi lasifikar da fitilarta ta mutu. Yatsansa har yanzu a danne, bai saki ba.

Can ya tambaye ta, da murya kamar ba tasa ba.

"Tuuli, to wa ke waƙa a nan?"