Rijiyar Bayan Gidanmu

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau.

Da hantsi ina ofis a jami'a, shugabana Dakta Sani ya ce in haɗa manhajar nazarinmu da rumbun bayanan asibitocin karkara, tunda izini ya fito. Dama muna da sakamakon gwajin ruwan rijiyoyin Kausani da Indabo. Sau biyu manhajar tana ƙin haɗuwa, a na uku ta shiga. Bayanan marasa lafiya suka yi ta kwararowa, babu suna, sai ƙauye da unguwa da irin ciwo.

Na sa ta ɗora masu ciwon ƙoda a kan taswira. Jajayen ɗige-ɗige suka fara fitowa. Kafin in ankara sun taru cunkus a wuri ɗaya.

Dakta ya matso. "Hauwa, ai rijiyar nan ce gwajinmu ya nuna tana da gubar dalma."

Na ƙara girman taswirar. Ga masallaci, ga tsamiya, ga katangar gidanmu. Rijiyar da muke sha ce!

"Kin san wurin ne?" in ji shi.

Nan take na kira Inna a waya. Ta fara doguwar gaisuwa, na katse ta. "Inna, don Allah kada kowa ya ƙara shan ruwan rijiyar nan."

Ta ce, "Ikon Allah. Dama ina so in kira ki. Yau kwana uku ƙafafun Babanku a kumbure."

Ga ni a tasha yanzu, zan tafi gida. Ku sa mu a addu'a.