Gawayin Sani a bangon ɗakina

"Kaka, gyara zama, yau ke ce 'yan ajina," in ji jikana Sani. Ya gama jami'a, za shi koyarwa a sakandare cikin Katsina, shi ne yake gwaji a kaina da gawayi jikin bango.

Na ce, "Ja'iri, rufa mani asiri! Mutanen daji masu satar mutane su ji Turanci gidan nan, su ce muna da kuɗi?"

Ya yi dariya. "Sunanki fa na rubuta."

Na sa shi ya goge.

Jiya ya tafi, kuma ni na ce kada ya dawo ƙauyenmu Mabai, don gudun mutanen dajin. Tun safe nake shafa bangon nan, ban ko kalli yadda sunan yake ba kafin ya goge.

Ɗiyar maƙwabta ke rubuta mani wannan saƙon. Jama'a, na kyauta kuwa?