Ummaru Nagoggo da Robar Injin Wanki

Ummaru Nagoggo mutumin Bugaje ne, amma a Jibiya ya yi yawancin rayuwarsa. Ya zo yana saurayi da niyyar cin rani ɗaya, sai ya faɗa sana'ar wanki da guga, hannunsa ya karɓa, bai koma ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta saboda sabulu da dutsen guga na gawayi. Ba shi da yawan magana, amma in ya faɗi abu ba ya janyewa.

Shekara goma sha huɗu yana wanke zannuwan gado na masaukin Alhaji Lawal, gidan da direbobi da fatake ke sauka kafin su tsallaka zuwa Maraɗi. Da hantsi za ka same shi a bakin gulbi yana buga zane a kan dutse, da la'asar kuma yana guga a rumfar bayan masaukin.

A 1975 kuɗin mai suka cika ƙasa. Manyan motoci suka riƙa yin layi a kan iyaka, masaukin ya tashi daga ɗaki shida zuwa ashirin. Alhaji ya je Legas ya dawo da janareto da firji da wani farin injin wanki mai zagayayyiyar ƙofar gilashi a gaba. Aka ɗora tanki a kan katanga, aka ja famfo. Mutane har daga ƙauyen Mazanya suka zo kallon yadda zane ke juyawa shi kaɗai cikin kumfa.

Alhaji ya kira Ummaru ya ce daga yau guga kawai zai riƙa yi. Injin kuwa aka damƙa shi ga Abdu, ƙanen matar Alhaji, wanda ke kula da masaukin. Abdu ya hana kowa taɓa shi. Da ya gama wanki sai ya rufe ƙofar gam, ya lulluɓe injin da leda, ya kulle ɗakin.

Ummaru ya gani sau ɗaya ya ce, “Malam Abdu, abin da ya sha ruwa yana son iska.”

Abdu ya ce, “Kai dai ka san dutsen gulbi. Wanga kayan Turai ne.”

Da damina ta kankama, zannuwa suka fara fitowa da wari irin na rigar da aka naɗe da danshi. Daga baya baƙaƙen ɗigo suka bayyana a jikinsu. Wani direba ya ƙi kwanciya a kan gadon, ya shimfiɗa tabarma a waje. Abdu ya ƙara garin sabulu, abin ya ƙara muni. Da Alhaji ya matsa masa, sai ya ce Ummaru ne ya zuba wa injin wani abu don a mayar masa da aikinsa.

Ranar kasuwa, bayan azahar, Alhaji ya tare Ummaru a gaban direbobi da masu shayi. Ya ce, “Nagoggo, mun daɗe tare. In ka amsa laifinka ka ba da haƙuri, magana ta wuce.”

Ummaru ya ajiye dutsen guga a kan bulo. Ya ce, “Alhaji, ban sa komi ba, kuma ba ni ba da haƙuri kan abin da ban yi ba. A buɗe ɗakin, kowa shi shigo shi gani.”

Abdu ya ce ba za a bar shi ya taɓa injin ba. Ummaru ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya harɗe ƙafa, ya ce nan zai zauna har a kawo mabuɗi ko a kira masa 'yan sanda. Direbobi suka fara gunaguni, wani dattijo daga cikinsu ya ce ai ba a yanke wa mutum hukunci ƙofa a rufe. Dole Alhaji ya sa aka buɗe.

Da aka yaye ledar aka buɗe ƙofar injin, wari ya buge mutane, wasu suka ja baya. Ummaru ya durƙusa ya sa yatsu biyu ya ɗaga robar da ta zagaye bakin ƙofar. A cikin ninkin akwai ruwa kwance, ga baƙar fumfuna mai yauƙi ta bi zagayen duka, haɗe da gashi da zare da daskararren sabulu. Ya lakato da yatsa ya miƙa gaban Alhaji.

“Ga abin da aka zuba. Ruwa ne da duhu da rashin iska. Wata nawa ɗakin ga yana kulle? Wa ke da mabuɗi?”

Abdu ya sunkuyar da kai.

Ummaru bai tsaya nan ba. Ya ce a kashe janareto. Ya karɓi kwalbar jabel, ruwan wanke fararen kaya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Maraɗi, ya sirka kaɗan da ruwa a bokiti. Ya tsane ruwan da ke kwance, ya jiƙa tsummoki ya cusa su cikin ninkin robar, ya bar su har la'asar. Sannan ya tauna sabon asuwaki ya yi laushi, ya bi kowane lungu yana gogewa. Ya ɗauraye da ruwa mai kyau, ya sa aka tada janareto aka kunna injin da ruwan zafi ba kaya a ciki, sannan ya goge robar ta bushe. Wasu ɗigo sun riga sun kama jikinta ba su fita ba, amma warin ya tafi.

Ya juya ga Abdu ya ce, “Kullum ka gama, ka tsane nan. Ƙofa a buɗe, taga a buɗe. Ka rage sabulu. Ledar nan kuma ka ba masu tumatir.”

Alhaji ya zare mabuɗin daga hannun Abdu ya miƙa wa Ummaru, amma ya ƙi karɓa.

“Na gyara ne don a san gaskiya, ba don in zauna ba. A gaban mutane ka kira ni maci amana, Alhaji. Ba ni iya guga a gidan da sai na kare kaina.”

Ya ɗauki dutsen gugarsa da bargon da yake shimfiɗawa a kan tebur, ya fita. Cikin mako guda ya kafa rumfa kusa da tashar mota, direbobin da suka ga abin da ya faru su ne suka fara kai masa kaya. Alhaji ya aika sau biyu, na uku ya zo da kansa ya ba shi haƙuri a gaban rumfar. Ummaru ya ba shi tabarma da ruwan sha, ya ce ya yafe, amma bai koma ba.

Ya ci gaba da aiki a rumfar har gwiwoyinsa suka gaza, sannan ya bar wa babbar 'yarsa Nana da mijinta. Ya koma Bugaje ya noma gero damina huɗu kafin Allah ya yi masa rasuwa.