Harsashin da Muka Zaɓa wa Dilan Alhaji

Shekara goma sha biyar na yi ina gaya wa 'ya'yana cewa ni jikan maharbi ne. Ba ƙarya na yi ba, kakana maharbi ne, da bindigar tokarsa da warkinsa da layunsa. Abin da ban taɓa ƙarasa musu ba shi ne sau ɗaya tak na bi shi daji, ina ɗan shekara tara, goran ruwa na riƙe masa, kuma da bindigar ta tashi na yar da goran na kama hanyar gida. Amma a birnin Greensboro na Amurka wa zai tona ni? Kaka ya rasu, gari da nisa, yaran kuma Hausarsu ba ta kai ta yin tambaya ta biyu ba. Sai labarin ya yi ta ƙiba a falon gidanmu na haya a unguwar Glenwood. Zomo ya zama gada, gada ta zama barewa, har wata shekara na wayi gari na kashe kura.

Babbar 'yata ce ta ɗauki maganar da gaske, a nan na tabbatar baki shi ke yanka wuya. Tana da wata ƙawa Baturiya a makaranta, wadda kakanta ke kai su harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama ranar Asabar. Kafin mu farga ta yi kwas ɗin da hukuma ke yi wa masu son farauta, ta ci jarrabawa, ta kawo kati ta manna a jikin firji. Uwarta ta dubi katin, ta dube ni, ta ce, "To, Sarkin Baka, ga gadonka ya fito. Da likita ka ce kakanka yake, da yanzu wata maganar muke yi."

Muna nan sai ga matsalar Alhaji. Mutumin Maraɗi ne, dattijo, yana da kanti a cikin gari, ya kuma sayi fili can bayan unguwar Sedgefield inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. A nan yake kiwon ragunan layya da zabi da kaji. Wata Juma'a bayan an sallame ya tare mu a bakin masallaci yana kuka da wata dabba da ta cinye masa zabi ta kuma yaga 'yan raguna biyu. Kayoti suke ce mata a nan. Dila ne, sai dai ya sha madarar Amurka, ya fi namu tsayi da ƙiba, kunya kuwa ba a raba da shi ba. An ce har a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ana ganinsa yana tsallaka filin golf da rana tsaka kamar ya biya kuɗin ƙungiya.

Da na yi shiru da na huta. Amma na gyara hula na ce, "Alhaji, dila ai ba abin tada hankali ba ne, mu da muka saba da kura."

Yarinyar tana tsaye a bayana. Ta ce da Turanci, cikin ladabi, ita za ta iya, tana da kati, kakan ƙawarta zai ara mata bindiga, kuma Babanta zai raka ta tunda shi ya san daji. Alhaji ya yi tafi, Faransanci ya kuɓuce masa, ya ce, "Wala! 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kartushi kuma ni zan saya." Kartushi shi ne harsashi a bakin mutanen Nijar. Ni dai na ce amin, murya can ƙasa.

Ranar Talata da yamma muka tafi kantin kayan farauta mu uku, don doka ba ta yarda a sayar wa yarinya harsashi ba, sai babba ya tsaya. Ni ne babban. Na yi zaton za mu shiga a ce ga harsashin dila, mu ɗauka mu fito. Sai muka tarar da bango guda cike da kwalaye, ja da kore da rawaya, kowanne da lambobinsa kamar magani a kemis. Na tura hannu baya, na bi layin a hankali ina gyaɗa kai irin na masani, sannan na zaro kwali mai lamba takwas. Hujjata mai ƙarfi ce: takwas ta fi huɗu, duk wanda ya yi firamare ya san haka.

Alhaji kuwa bai damu da lamba ba, tsayi yake nema. Ya samo wasu jajaye dogaye masu kaurin ɗan yatsan maƙeri, ya ce, "Wannan. In ya ji wannan, shi da kakansa ba za su sake dawowa ba."

Mai jiran wurin wata tsohuwar Baturiya ce, gashi fari fat, tabarau a rataye a wuya. Ta dubi kwalina, ta dubi na Alhaji, ta tambaya wa zai yi harbin. Muka nuna yarinyar. Daga nan ba ta sake kallonmu ba, kamar mun zama gumakan da ake sa wa riga a kanti. Ta tambaye ta wace irin bindiga ce, yarinyar ta ce mai lamba ashirin. Ta tambayi me aka rubuta a jikin bututun game da tsawon harsashin da yake ɗauka, yarinyar ta buɗe waya ta nuna mata hoto, ashe ta ɗauko tun daga gida. Ta tambayi daga wane nisa take jin za ta yi harbin, da ko akwai gidaje ko dabbobi a bayan wurin. Duk ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Ni jikan maharbi ko ɗaya ban san ana tambaya ba.

Sannan matar ta ɗaga kwalina ta ce wannan na kurciya ne da faifan yumɓu. Ƙwayoyin dalmar da ke ciki ƙanana ne kamar gero. In aka harbi dila da su ba zai mutu ba, zai tafi da ciwo ya ruɓe a daji, kuma wannan zalunci ne. A nan na koyi cewa a ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya, kuma bindiga mai lamba goma sha biyu ta fi mai ashirin faɗin baki. Na ce wa Alhaji da Hausa, "Ka ga mutanen da ke cewa mu ne ba mu iya lissafi ba."

Na Alhaji kuwa ta ce ko shiga bindigar yarinyar ba za su yi ba, na mai goma sha biyu ne. Kuma ko da sun shiga, harsashin da zai doki kafaɗar yaro ya sa shi rufe ido kafin ya ja kunama ba shi da amfani komai ƙarfinsa. Alhaji ya ce in gaya mata shi a ƙasarsu yaro ba ya rufe ido. Ban fassara ba.

Ta sauko da ƙananan kwalaye iri uku, biyar-biyar a ciki, duk rawaya, ta ce na mai ashirin kullum rawaya ne don kada a gauraya su da wasu. Ƙwayoyin ciki manya ne, kusan kamar wake, irin da ake yi don manyan dabbobi. Ta ce kowace bindiga da irin wanda take so, ba mai iya sani daga kanti. A je a kafa kwali, a zana da'ira, a harba kowanne, a ƙirga huda. Alhaji ya biya, amma sai da ya haɗa da jajayensa, wai don tasa bindigar da ke gona, wadda ban taɓa jin ta yi ƙara ba.

Asabar da hantsi muka je gonar. Yarinyar ta kawo kwalayen da aka zubar a kantin Alhaji, ta zana da'ira a kan kowanne da murfin tukunya, ta auna taku talatin, ta raba mana abin toshe kunne. Ta harba iri na farko, ta je ta ƙirga, ta rubuta a littafinta na makaranta. Na biyu dogaye ne, na ga kafaɗarta ta yi baya, ta yamutsa fuska, kuma hudar ta watse kamar an yi wa kaji watsin tsaba. Na ukun gajeru ne masu lamba uku, ƙwayoyinsu suka taru a tsakiyar da'irar. Ta matsa baya taku goma ta sake gwada su, suka watse. Ta rufe littafin ta ce, wannan karon da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, talatin kawai. In ya wuce talatin, ba na harbi."

Alhaji ya gaji da lissafi. Ya shiga rumfa ya fito da bindigarsa da jan harsashi, ya miƙo mini ya ce, "Malam, nuna wa yarinya yadda ake yi a gida."

Ina iya cewa kafaɗata na ciwo. Ina iya cewa ido ya fara rauni. Amma 'yata tana kallona da irin kallon da take yi mini tun tana ƙarama in ina ba da labarin kura. Na karɓa, na ɗora a kafaɗa sako-sako, na rufe ido biyu, na ja. Abin da na sani na gaba shi ne ina zaune a ƙasa cikin kashin tumaki, hulata a wani wuri, zabi na ihu. Kwalin yana tsaye lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mako guda na yi ina kabbara da hannu ɗaya da rabi. Da muka koma gida uwar yara ta gasa mini wurin da ruwan zafi tana tambaya cikin tausayi ko ita ma kurar haka ta yi mini.

A mota kuwa, kafin mu iso, na gaya wa yarinyar gaskiyar goran ruwa. Ta ce ta sani tun ranar da na ɗauki lamba takwas. Ta ce duk da haka dole in raka ta, tunda ana son babba a kusa, kuma aikina ɗaya ne: in zauna, kada in motsa, kada in ba da shawara.

Asabar ta gaba bayan sallar asuba muka zauna a gindin wata bishiya a bakin gonar, bayanmu ga garken, gabanmu fili har zuwa kurmi. Ta kafa sanda a taku talatin. Tana da wani ɗan usur mai kukan zomo, ta yi ta busawa. Gari ya waye sosai, ƙafata ta mutu, sai ga shi ya fito daga kurmin, toka-toka, kunnuwa a tsaye. Ya tsaya can bayan sandar yana kallonmu. Na manta da yarjejeniya na ce, "Harba! Harba mana!" Ba ta harba ba. Dilan ya ji muryar jikan maharbi, ya juya a natse ya koma. Alhaji, wanda ke leƙe daga cikin motarsa da kofin shayi, ya fito yana cewa ga abin da ake samu in an ba mace bindiga, da shi ne da yanzu ana fiɗa. Yarinyar ta cire harsashin ta sa a aljihu ta ce, "Ya yi nisa, Baba Alhaji."

Mako na biyu ba abin da ya zo sai ruwan sama. Na uku ne ya fito ta gefen hagu, yana sanɗa, ya wuce sandar zuwa wajenmu. Na cije leɓe har na ji gishiri. Ƙara ɗaya, ya faɗi, bai ko shura ba. Na yi tsammanin za ta yi tsalle. Sai ta buɗe bindigar, ta ajiye, ta je ta tsuguna kusa da shi ta daɗe. Da na matso na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce bai sha wahala ba, ko? Na ce bai sha ba. Wannan karon na san abin da nake faɗa, don a gabana aka yi.

Kafin azahar hoton ya zaga wayoyin jama'armu kaf. Alhaji ne a tsakiya, ƙafa ɗaya a gaba, jajayen harsasansa a jere a hannu, yarinyar kuwa gefen hijabinta kawai ya fito. Ranar Juma'a mutane suka yi ta ba ni hannu suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma ina amsawa da tawali'u. Wata Hajiya ta kira uwar yara ta tambaya wane namiji ne zai auri yarinyar da ta iya bindiga. Ta ce mata, "Mai gaskiya, Hajiya."

Zabin Alhaji dai ba su daina ɓacewa ba, don ashe dilan yana da dangi, kuma ba su karanta saƙon ba. Yarinyar ta koma sau biyu, daga baya jarrabawa ta taso ta ce ya nemi wata dabara. Maƙwabcinsa manomi ya ba shi shawara ya kewaye gonar da wayar shinge ya kuma sayi jaki, wai jaki ba ya ƙaunar dila, yana korar sa da harbi da cizo. Alhaji ya ce shi bai bar Maraɗi ya ƙetare teku don ya zo ya sayi jaki ba. Bayan wata ɗaya na je gonar karɓar ragon suna na wani abokina, na tarar da shi a bakin waya yana ba wani farin jaki karas a baki, yana yi masa magana da Faransanci.