Kilishi ba ya bushewa a bene

Ni ba ɗan boko ba ne. Kilishi na iya, shi na gada, shi kuma ya riƙe ni a Kuala Lumpur bayan kasuwancin da ya kawo ni ya karye. Ina haya a Sentul, cikin wani jerin tsofaffin gidaje, kowanne da ɗan fili a bayansa. A filin nan nake shanya nama, ina gadinsa saboda hankaki da ruwan la'asar da ba ya sallama. Tashar jirgin ƙasa na kusa. Ɗalibanmu su sauko, su saya, su koma.

Ana cikin kullen korona mai gidan ta zo, wata tsohuwa 'yar Sin. Ta tsaya daga bakin ƙofa da takunkuminta, ta ce hukuma ta sake tsari, yanzu an yarda a yi dogayen benaye a filayen da ke kusa da tasha. Wani kamfani ya taya jerin gaba ɗaya. Maƙwabta sun sallama, ita ma ta sallama.

Na ce, "Anti, naman nawa fa?"

Ta dubi igiyoyin shanya, ta ce na yi haƙuri, ta ƙara da "lah" irin na mutanen ƙasar.

Akwai wani Bakatsine cikin masu saye a wurina, yana babban karatu a kan tsara birane. Da aka ɗan sassauta fita na kira shi, na zuba masa kilishi a faranti.

Na ce, "Malam, ku ne masu zana gari. Ina ake kai kuka?"

"Baba, ko an saurara, masu gida za a saurara. Kai ɗan haya ne, baƙo kuma."

"To ai zalunci ne."

"In faɗi gaskiya, ko in ci kilishi?"

"Ci ka faɗa, ɗan nema."

Ya ce, "Tsarin daidai ne. Inda kai kaɗai kake kwana, iyalai da yawa za su kwana, su taka da ƙafa su hau jirgi. Ka san yaran da ke aikin otal a Bukit Bintang, yadda suke cushe a ɗaki ɗaya. Ɗaya ya yi tari, duk sun kwanta."

Na san su. Ni na riƙa ajiye musu kunu a bakin ƙofa lokacin da aka killace su. Shi ya sa na kasa ko zaginsa. Da ƙarya ya yi mini, da na sami abin riƙewa.

Na nemi wani gida. Mai fili yana can bayan gari, inda ba jirgi, ba wanda zai bi ni. Na kusa da jirgi kuwa duk bene ne. Na kama ɗaki a sama, na shanya nama a baranda. Rana ta leƙo ta wuce, naman ya yi fumfuna. Ran da na hura gawayi, mai gadin ginin ya hau kafin wutar ta kama. Na gwada na'urar gashi, wani yaro ya ɗanɗana ya ce, "Baba, wannan ai takalmi ne." Ban musa ba.

Yanzu ina yanka nama a bayan wani gidan abincin Larabawa, sara-sara, yadda suke so. Da sallah ta matso yara suka yi ta bugo waya suna tambayar kilishi. Na ce musu in wani zai taso daga Kano, su sa ya taho musu da shi.